Kada Ku Jira Sai An Zo Bincike

Manoman auduga na Vittin,

Duk wanda ya ɗauki yaro feshin magani a gonarsa, lafiyar yaron tana wuyansa. Dokar ƙodago ta Gana ta 2003 ta ce mai ba da aiki shi zai ba ma'aikaci kayan tsare jiki kyauta. Amma ma'aikatan gwamnati ba su iya zaga kowace gona. Saboda haka ku je ofishin EPA a Tamale da kanku, ku nuna kwalbar maganin, a duba ko yana da rajista. Ku roƙe su su zo su gwada wa yaranku feshi.

Maganin ƙwari dafi ne. A daminar 1999 wani maganin auduga, endosulfan, ya kashe mutane da dama a arewacin Benin. A 2011 ƙasashen duniya suka yarda a daina shi.

To, ku ba yaro safar hannu, da takalmin roba, da abin rufe hanci. Kada ya fuskanci iska. Kada ya ci goro sai ya yi wanka da sabulu. Kwalbar da ta ƙare, a huda ta, kada mata su zuba mai a ciki.

Allah ya ba mu damina mai albarka.