Motar gazuwal da ke ƙin tashi in ta yi zafi

Hirarmu ta yau ta direbobi ce da masu motoci da yaran mota da makanikan bakin tasha. Amma kai manomi, ke ƴar kasuwa, kada ku kashe rediyo. Ku ne ke zaune bisa buhunan gero ran da mota ta ƙi tashi tsakanin Tawa da Abalak, da azahar, cikin watan Mayu, ga rana ta wuce digiri 40, ga ruwan jarka ya kusa ƙarewa.

Ga ciwon da muke magana a kai. Da safe mota ta tashi da bugu guda. An yi tafiyar awa biyu, an tsaya salla ko shan ruwa, an kashe inji. Bayan minti goma a murɗa makulli, ta ƙiya. A jira awa guda ta huce, sai ta tashi kamar ba ita ba. Direbobi da yawa sun saba da abin har sun yi mishi dabara. Wani ba shi kashe inji tun daga Ƙonni har Maraɗi, ko da za a yi awa guda ana lodi. Wani sai ya nemi gangare kafin shi tsaya. Wani kuwa fasinja ne demarar ɗinshi, kowace tsayawa sai an sauka an tura. Duk wannan gazuwal ne ke ƙonewa a banza, ciwon kuma ƙaruwa shike, har ranar da za ta ƙiya inda babu gangare, babu masu turi, ga mara lafiya kwance a baya.

Kafin mu taɓa komi, mu gane yadda injin nan ke kama wuta. Wani Bajamushe ne ya ƙago shi, Rudolf Diesel, injinshi ya fara aiki sosai a garin Augsburg a 1897. Injin esansi da tartsatsin buji shike kamawa. Na gazuwal ba shi da tartsatsi ko kaɗan. Fistan ne ke matse iska, shi mai da ita kashi ɗaya cikin 16 har zuwa 23 na girmanta, sai ta yi zafin da ya haura digiri 500. A daidai wannan lokaci anjektar ke fesa gazuwal kamar hazo, shi kama da kanshi. Ke nan abu uku ake bukata: inji shi juya da sauri, iska ta matsu, gazuwal shi iso da ƙarfi a kan lokaci. In ɗaya ya gaza, mota ba ta tashi.

To ina bujin da ke cikin motar gazuwal? Shi na ɗumama ne. Aikinshi da sanyin safiya ne, musamman lokacin ɗari, Disamba da Janairu, sa'ad da ƙarfe ya kwana da sanyi shina shanye zafin iska. Injin da ya yi awa biyu shina gudu ba shi bukatar a ɗumama shi. Saboda haka, malam mai mota, in motarka na tashi lafiya da asuba tana ƙi da azahar, makanike ya ce a sayo buji huɗu sababbi, ka riƙe jikkunanka tukuna. Nan ne mafi yawan mutane ke fara zubar da kuɗi.

Aunin farko ba shi son kayan aiki, kunne ne. Ka san ƙarar motarka da safe in kana bugawa. Da ta ƙiya, ka saurara. Shin saurin juyin daidai shike da na safe, ko kuwa shina jan jiki kamar jakin da ya gaji? In shina jan jiki, ka bar maganar gazuwal, ka koma ga lantarki. Inji na son juyi kamar 150 zuwa 250 cikin minti kafin iska ta yi zafin da ya isa. Demarar cike take da wayar jan ƙarfe, ita kuwa wayar jan ƙarfe in ta yi zafi wuta ba ta ratsa ta da sauƙi: daga digiri 20 zuwa 100 tana ƙara tauri ga wuta da kusan kashi 30 cikin 100. Sabuwar demarar ba ta damu da wannan ba. Tsohuwa wadda gawayinta ya cinye, ga ta kuma manne da inji mai zafi, ita ce ke kasawa.

Ka duba kan batir, ko ya yi farin gari, ko ya saki. Ka bi babbar wayar da ke haɗa batir da jikin mota da inji, wadda ake ce ma mas. Bayan ka buga, ka taɓa bakin wayoyin a hankali, inda ka ji zafi fiye da sauran nan wuta ke tsayawa. In akwai ma'aunin wuta, batir mai lafiya shina nuna 12,6 in mota na kashe, kuma bai kamata shi faɗi ƙasa da 10 sosai ba lokacin bugu. In an jona wani batir mai kyau da waya mai kauri ta tashi nan take, batir ɗinka ne. In an jona ba ta canza murya ba, a kwance demarar.

Yanzu a ce juyin na da sauri, amma ba ta kamawa. Sa yaron mota shi tsaya baya, daga gefe, shi dubi bututun hayaƙi kana bugawa. In farin hayaƙi na fita mai warin ɗanyen gazuwal, to man na isowa, ƙonewa ce ba shi yi. In babu hayaƙi ko ƙanƙane, man ne ba shi isowa. Wannan dubi na daƙiƙa goma ya raba maka hanya biyu.

Mu fara da hanyar da babu hayaƙi, don ita ta fi yawa. A tsofaffin motoci, irin Peugeot 504 mai gazuwal, da Hilux da Hiace na da, da Land Cruiser mai injin 1HZ da Toyota ta fara a 1990, pompo ne ke rarraba mai ba da kwamfuta ba. Bisa pompon akwai wani ɗan abu mai waya guda, shi ne ƙofar gazuwal. In an buɗe kontak shi buɗe, in an rufe shi rufe, inji shi mutu. Ka ɗaga kapo, wani shi murɗa makulli, ka kasa kunne: za ka ji ƙas. In da safe kana jin ƙas, da zafi ba ka ji, ka kama ɓarawonka, kuma mai araha ne. Wani lokaci ma ba shi ne ya lalace ba, wayarshi ce ta saki.

In yana ƙas, ka buɗe murfin tanki. Ka ji ya ja iska da ƙarfi? Hancin tankin ya toshe da ƙura, pompo na ja ba shi samu. Sa'an nan ka danna ɗan pompon hannu da ke bisa filtir. In ya yi laushi, sai ka danna sau da yawa kafin shi yi tauri, iska na shiga layin mai. Robar tiyo da ta tsufa takan buɗe baki in ta yi zafi, ta sha iska ba tare da ɗigon mai ya fito waje ba, shi ya sa ido ba shi ganin wurin. Makanike mai hankali shikan sa guntun tiyo mai haske tsakanin filtir da pompo, a ga kumfa na wucewa.

In duk waɗannan lafiya lau, mun iso ga babban, wato kan pompo. A cikinshi akwai wani ɗan ƙarfe da ke kai da kawowa cikin rami, shina tura mai. Tazarar da ke tsakaninsu ƙanƙanuwa ce ƙwarai, gashin kanka ya fi ta kauri sau ashirin. Kuma ba wani mai ke shafa su ba sai gazuwal ɗin kanshi. Shekara da shekaru ƙura da ruwa na bi ta wurin, sai tazarar ta buɗe. Da safe gazuwal na da ɗan kauri, shina toshe tazarar, ƙarfi shi isa. Da ya yi zafi sai shi tsinke kamar kunun da aka cika ma ruwa, shi zurare ta gefe, anjektar ba ta samu ƙarfin buɗewa ba. Abin da ya sa irin wannan mota ke tashi in an tura ta ke nan: turi na juya inji da sauri fiye da demarar, man bai samu lokacin zurarewa ba. Ku lura, turi na tada mai ciwon demarar, shina kuma tada mai ciwon pompo. Kunnenka ne zai raba su.

Akwai gwaji da makanikai sunka sani. A jiƙa tsumma da ruwa, a ɗora bisa kan pompo, inda bututan ƙarfe ke fitowa, a jira minti biyar, a buga. In ta tashi, alhali ƙofar gazuwal na yin ƙas ɗinta, kan pompo ya cinye. Amma ina gargaɗi: ruwan jarka da ya sha rana, ba ruwan ƙanƙara ba, kuma da tsumma, ba kwarara ba. Ƙarfe mai zafi in ya sha sanyi farat ɗaya shikan tsuke shi kama na cikin, pompon da ke da sauran rai shi mutu nan take. Gwaji ne na rana guda. Wanda ya mai da shi al'adar kullum, wata rana zai kwana a daji.

Me ke cinye pompo da wuri? Mai marar kyau. Gazuwal na kwalba da jarka a bakin hanya, wani lafiya lau ne, wani an gauraya shi da kananzir, wani ya kwana cikin tano mai tsatsa da ruwa a gindi. Kananzir ya fi gazuwal tsinkewa, kuma ba shi shafa ƙarfe kamar shi. Ban ce kowa na iya samun gidan mai a tsakiyar Tadres ba. Amma in dole ta sa ka saya a jarka, ka bari ta kwanta, ka tace, kada ka juye gindin. Ka riƙa zubar da ruwan da ke taruwa ƙarƙashin filtir, ka canza filtir da wuri, ƙasarmu ƙasar ƙura ce.

Mai farin hayaƙi fa? In juyi na da sauri, a duba lokacin pompo ko ya goce, a kuma auna supap. Supap ƙarfe ne, in ya yi zafi shina ƙara tsawo. In tazarar da aka bar mishi ta ƙare, da zafi ba shi rufe bakin sosai, iska ta tsere. Zobban fistan da sunka cinye kuwa da safe suke fara nuna halinsu, don haka kada ka yarda a sauke inji saboda ciwon azahar kafin an auna matsin iska.

Motocin zamani nasu daban ne. Tun 1997 aka fara sa wa ƙananan motoci tsarin da pompo ke tara mai cikin bututu guda, kwamfuta na buɗe anjektar. Su ne HDi na Peugeot, da D-4D na Toyota, da CDI na Mercedes. Kwamfutar nan ba ta ba da izini sai ta ga ƙarfin mai ya kai kamar bar 200 zuwa 300, kuma sai ta ji inji na juyawa. Abin da ke faɗa mata inji na juyawa wani ɗan kaptar ne kusa da babban faifan inji, akwai kuma na biyu a sama. Su ma zafi na kashe su, su farfaɗo in sun huce. Anjektar da ta cinye kuwa tana mai da man baya zuwa tanki fiye da kima, ƙarfin ba shi taruwa. Makanike shikan jona ƙananan kwalabe masu girma ɗaya ga kowace anjektar, wadda kwalbarta ta riga cika ita ce mai laifi. Ga irin waɗannan motoci a kai su inda ke da na'urar bincike da ake ce ma baliz, kuma a jona ta lokacin da motar ke cikin ƙiyawa.

A nan sai na ɗaga murya. Kada kowa shi sassauta bututun ƙarfe na motar zamani don shi ga ko mai na zuwa. Tayar mota bar 2 da ɗan kai gare ta. Cikin bututun nan, in inji na aiki, ana kai bar 1.350 har 2.000. Feshin na huda fata kamar allura, gazuwal shi shiga nama, mutum na iya rasa yatsa ko hannu. Wanda abin ya sama shi tafi likita nan take, ko da ramin bai kai ƙwayar gero ba. Haka kuma tsumman esansi da yaran mota ke karawa a bakin iska, a bar shi. Shina iya kamawa kafin lokaci shi fasa fistan, ko wuta ta dawo ma mai riƙe da tsumman. Kada a buɗe murfin radiyatar da zafi. Demarar kuma kada a riƙe ta fiye da daƙiƙa 15, a bar ta ta huta minti guda, in ba haka ba ciwo guda zai zama biyu.

Saura maganar zuwa garaji. Kuskuren da ake yi shi ne a kai mota da sassafe, ta tashi lafiya gaban makanike, shi ce ba ta da komi, ko shi fara canza kaya da ka. Ka kai ta da zafinta, ka kashe a ƙofar garaji, ku jira minti goma tare. Ka faɗa mishi bayan tafiyar kilomita nawa take yi, minti nawa take ɗauka kafin ta yarda, juyin na da sauri ko shina ja, akwai hayaƙi ko babu, tana tashi da turi ko ba ta tashi, da inda ka sha mai na ƙarshe. A fara da mai araha, kan batir da mas da tiyo da filtir, kafin a kai hannu ga pompo. In kuwa ta kai ga pompo, a kai shi wurin masu injin aunawa a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, kada a buɗe shi bisa tabarma cikin iskar tasha. Kuma duk abin da aka cire aka sa sabo, ka ce a ba ka tsohon ka gani.

Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. A kwana lafiya.