Kafin ka cire allon, ka san inda wasiƙun za su sauka

An ce in yi magana kan abin da na sani, to abin da na sani shi ne kula da uwar garke, wato kwamfutar nan da ke ɗauke da shafin ƙungiya da akwatunan imel ɗinta. Ni ɗan Mallawa ne, can wajen Dungas, ina zaune a Damagaram. Wata 'yar ƙungiya ta 'yan garinmu ce ta ɗora min wannan aikin, ba don na fi kowa ba, sai don ni aka fi gani riƙe da kwamfuta.

Irin ƙungiyoyinmu ba sa ajiye uwar garke a ofis. Wanda ya tuna watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, ya san dalili. Haya muke yi a Turai, muna biya da yuro, kuma yuro ɗaya kusan sefa 656 ne. Bayan kuɗin haya akwai na biyu, kuɗin allon sarrafawa, irin su cPanel da Plesk. Allon nan shi ke ba ka damar buɗe akwati ko canza kalmar sirri da danna maɓalli kawai. A 2019 cPanel ya daina karɓar kuɗi dunƙule, ya koma lissafi da yawan asusun da ke kan uwar garke, kuma tun daga nan farashi yake hawa. Sai ma'aji ya kira ka: "Malam, wannan abin da muke zuba wa jikkuna duk wata, ba za a cire shi ba?"

Za a iya. Amma ba yadda na fara yi ba.

Na ɗauka allon fenti ne a jikin bango, in ka kankare shi ɗaki yana nan. Ashe ya yi saiwa. Masu aikin imel na gaske wasu manhajoji ne daban: Postfix ko Exim ke karɓa da aikawa, Dovecot ke buɗe maka akwati a wayarka. Kyauta ne su, ba sa bukatar lasisi. Sai dai allon ne ke rubuta musu saituna, shi ke riƙe da jerin sunayen masu akwati da kalmomin sirrinsu, shi ke sabunta takardar tsaro ta Let's Encrypt da ke mutuwa bayan kwana 90, wani lokaci ma shi ke ajiye bayanan DNS da ke nuna wa duniya ƙofar gidanka. Shi cPanel ko hanyar cire shi babu. Masu shi da kansu cewa suke ka goge kwamfutar ka sake girkawa.

Yanzu ga wajen da nake so ku saurara da kyau. Kun san yadda ake aika saƙo a tasha. Ka ba direban Magariya ambulan, ya je gidan ya tarar a rufe, sai ya riƙe, gobe ya sake komawa. Amma in ya tarar da wani a ƙofa ya ce masa babu mai wannan suna a nan, ba zai sake zuwa ba. Imel haka yake. In uwar garkenka a kashe take, mai aikowa zai ci gaba da gwadawa kwana huɗu zuwa biyar, ba abin da ya ɓata. In kuwa tana kunne amma jerin sunaye ya tafi da allon, za ta amsa da lamba 550, ma'ana ba mu san shi ba, saƙon ya koma nan take. Wannan shi ya same ni. Daga Juma'a da dare zuwa Litinin da hantsi injin yana aiki lafiya lau, yana korar kowa. A cikin waɗanda aka kora har da amsar wata takardar neman tallafi da muka yi wata uku muna jira. Mun same ta daga baya, bayan na kira waya ina ba da haƙuri, kunyar kuwa har yau ban manta ba.

Saboda haka shawarata: kada ka cire allo a kan injin da ke aiki. Ka kama hayar wani ƙarami na wata ɗaya, ka girka Postfix da Dovecot da hannunka, ka buɗe kowane akwati da ke tsohon. Ka duba har da adiresoshin turawa, irin wanda ke mai da saƙon sakatare zuwa Gmail ɗin shugaba, su aka fi mantawa. Sannan ka kwashe wasiƙun da imapsync, wanda za ka iya maimaitawa ya ɗauko sababbi kaɗai. Kwana biyu kafin ƙaura ka rage lokacin TTL zuwa minti biyar, don duniya ta ga sabon adireshi da wuri. A Postfix akwai saitin soft_bounce, ka kunna shi a ranar farko: ko ka yi kuskure, mai aikowa zai ji "dawo anjima" maimakon "babu shi". In komai ya daidaita ka kashe. Sai ka juya MX, ka bar tsohon injin mako guda kafin ka sallame shi.

Aikawa ma da nata. Mabuɗin DKIM da ke sa hannu a wasiƙunka allon ne ya ƙirƙire shi, dole ka kwafe shi ko ka yi sabo, ka gyara SPF ya ambaci sabon injin. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta, saƙon da ba shi da shaida yana iya faɗawa kwandon shara ko a ƙi shi gaba ɗaya. Ka gwada aika wa kanka kafin ka ce wa mutane an gama.

Akwai abin da ma'aji bai sa a lissafi ba, ni ma ban sa ba. Da allon nan, sakatariyarmu tana buɗe akwati ita kaɗai. Yanzu sai ni. Ranar da na tafi Mallawa biki, inda layin waya ke zuwa yana ɗaukewa, wani ya manta kalmar sirrinsa ya jira ni kwana uku. Wallahi in ƙungiyarku ba ta da mutum biyu da suka iya wannan aikin, gara ku ci gaba da biya, ko ku koma allo na kyauta kamar HestiaCP ko Virtualmin. Mu dai mun rubuta komai a littafi, mun ajiye kwafi wajen ma'aji, kuma duk Asabar ina zama da wani ƙane yana koyo. Mai tambaya ya ɗaga hannu.