Tsadar Haya a Biranenmu: Ina Hannun Gwamnati Yake?

Tun da na shigo na lura zauren nan ya kasu biyu ba tare da kowa ya raba shi ba: ga masu karɓar kuɗin haya a ƙarshen wata, ga kuma masu biya. Saboda haka ina roƙon kowane ɓangare ya yi haƙuri da ni, don abin da zan faɗa ba zai yi wa kowa daɗi gaba ɗaya ba.

Mu soma da ƙidaya. A ƙidayar jama'a ta 1988 mutanen Yamai ba su cika dubu 400 ba. A ta 2012 sun haura miliyan 1. Cikin shekara 24 birnin ya ninka fiye da sau biyu da rabi, kuma ƙidayar 2012 ɗin ta nuna al'ummar ƙasa baki ɗaya na ƙaruwa da kashi 3,9 cikin ɗari kowace shekara. Maraɗi da Damagaram da Tawa su ma haka suke ta cin gonakin da ke kewaye da su. Idan masu neman ɗaki goma suka taru a ƙofar ɗaki ɗaya, ba sai an koya wa mai gida ƙara kuɗi ba, kuma ɗan kasuwa ya fi ni sanin wannan: ranar da gero ya yi ƙaranci, tiya ba ta jin roƙo.

Amma gida ba gero ba ne. Wanda gero ya yi wa tsada yana iya komawa ga dawa ko masara. Wanda haya ta yi wa tsada, ina zai koma da iyalinsa? Sai bakin gari inda babu famfo babu wuta, ko kuma kwari inda ruwa ke kwanciya. Mun ga abin da ya faru a 2020 lokacin da kogin Kwara ya fasa madatsa ya shiga unguwannin Yamai na hannun dama, irin su Lamorde da Kirkisoy. Mun ga daminar 2024 da ta rushe gidaje dubbai a faɗin ƙasa, har tsohon masallacin Birni na Damagaram bai tsira ba. Da yawa cikin mutanen da ke kwana a bakin ruwa sun san haɗarinsa sarai, kuɗin haya ne ya tura su can.

To, ina gwamnati? A farkon ƴancin kai ta ɗauki gina gidaje aikinta ne. Akwai SONUCI mai gini, akwai Crédit du Niger mai bai wa ma'aikaci bashin gida. Gidajen ba su taɓa isar kowa ba, galibi ma manyan ma'aikata suka mora, amma dai akwai hanya. Da kasuwar yuraniyom ta faɗi a shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, bankin BDRN ya durƙushe a 1990, sai hanyar ta toshe. Daga nan aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, duk abin da ake shigowa da shi, kwano da rodi da fenti da wayar wuta, ya yi tashin gwauron zabi. A shekarun nan ne kuma ma'aikata suka riƙa yin watanni ba albashi. Dattawan da ke nan sun tuna yadda malamin makaranta ke zagayawa ta bayan gida don kada ya haɗu da mai gidansa. Masu gidaje ma sun tuna, kuma daga wannan zamani da yawansu suka koyi neman kuɗin wata uku ko shida gaba kafin su miƙa mabuɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya biyo baya. Gwamnati ta daina gina gida, ta koma cinikin fili. Ma'aikatun magajin gari suka gane cewa yanka gonaki a sayar ya fi karɓar haraji sauƙi, sai yankan filaye ya zama hanyar cike giɓin kasafi. A farkon mulkin Tandja Mamadu har bashin albashin ma'aikata aka biya da filaye. Ma'aikacin da ya yi wata da watanni yana cin bashi a wurin mai shago, aka ba shi takardar fili a dajin da babu hanya babu ruwa, me kuke jin zai yi da ita? Ya sayar wa mai kuɗi a araha, ya biya bashinsa, ya ci gaba da zaman haya. Mai kuɗin kuma ya adana takardar yana jiran fili ya yi daraja. Ku zagaya bayan kowane birni namu ku ga filaye da aka kafa wa duwatsun iyaka shekara da shekaru, ba a ɗora ko tubali ɗaya ba, sai awaki ke kiwo. Ƙasa ba ta yi mana ƙaranci ba. Filin da aka kai wa ruwa da wuta da hanya, shi ne babu.

Dokoki kuwa muna da su. Akwai dokar haya ta 1996, akwai dokar manufar ƙasa kan mahalli ta 1998, an kuma buɗe bankin gidaje a ƙarshen 2018. Amma ƴan haya nawa ne a nan ke riƙe da yarjejeniya a rubuce? Yawancin cinikin haya da baki ake yin sa, gaban dillali, shi kuma dillali ladarsa na ƙaruwa ne idan kuɗin ya ƙaru. Banki kuwa yana neman takardar albashi da takardar mallakar fili, abu biyun da mai tebur a kasuwa da ɗan kabu-kabu ba su da su. Mafi ƙarancin albashi, ko bayan da aka ɗaga shi zuwa jika 42 a 2024, ba ya ɗaukar nauyin ɗaki biyu da cefane a Yamai, balle biyan bashin gini.

Na san abin da ɓangaren masu biya ke jira in ce: gwamnati ta ƙayyade kuɗin haya, a huta. Maƙwabtanmu sun gwada. A Burkina Faso, Thomas Sankara ya yafe wa jama'a biyan hayar gidajen kwana na shekarar 1985 sukutum. Ƴan haya sun ji daɗi, amma mai kuɗin da ya ga haka ya janye hannunsa daga gini. Abin da ya rage ana cin moriyarsa a Wagadugu daga wancan zamani shi ne filayen da aka raba da rukunin gidajen da aka gina. Senegal kuma ta yi doka a 2014, ta zabtare kashi 29 cikin ɗari daga ƙananan hayoyi. Masu gidaje da dama suka fitar da tsofaffin ƴan haya da sunan gyara, suka zuba sababbi da sabon farashi, har sai da gwamnati ta sake wani ragin a 2023. Ba na cewa ƙayyade farashi haram ne. Yana iya tare wa talaka ƙarin rana tsaka, wanda ake sanar da shi ta bakin yaron mai gida. Sai dai takardar doka ba ta haifar da ɗaki ko ɗaya, kuma idan babu inda ɗan haya zai kai ƙara a saurare shi cikin mako guda, ba tare da lauya ba, dokar za ta tsaya a ofis.

Ragin kuɗin siminti da aka yi a watan Oktoban 2024 ya fi kusa da tushen ciwon, domin ya taɓa kuɗin gini kansa. Ina so a ƙara a kai. A daina yanka fili sai an kai masa ruwa da hanya. Filin da ya shekara biyar a cikin gari ba a gina ba, a ɗora masa harajin da zai sa mai shi ya gina ko ya sayar. Na ga waɗansu Alhazai sun gyara zama, amma wanda ya gina ya zuba ƴan haya ba abin da zai taɓa shi. Sannan mu daina raina ƙasa. Maginan Damagaram sun ɗaga soraye da tubali da bakan gizo tun kafin zuwan Bature, kuma a 2016 an kammala gidajen da ake kira Niamey 2000 da bulon ƙasa matsattse, aikin da ƴar ƙasarmu Mariam Kamara ke cikin masu zana shi. Gidan ƙasa ya fi sanyi a watan Afrilu. Abin da ke kayar da shi rashin tushe mai ƙarfi ne da rashin magudanar ruwa, su kuma magudanan aikin hukuma ne.

Ku ma masu gidaje akwai naku. Ku rubuta yarjejeniya, ku ba da rasit, ku ba mutum wa'adi kafin ƙari. Ɗan hayan da ya san ba za a tashe shi gobe ba shi ne ke gyara indararo kafin damina. Ku kuma ma'aikata, ƙungiyoyinku na ƙwadago sun iya yajin aiki a kan albashi. Ina so in ga ranar da za su haɗa asusu, su sayi fili babba, su kai masa famfo, su gina wa mambobinsu a biya sannu a hankali daga albashi. Na tsaya nan, mai tambaya ya ɗaga hannu.