Takardar Shaidar Gini Mai Tattali

Jawabin yau a kan gini ne.

Akwai wata takardar shaida da ake ba ginin da aka yi da tattali. Sunanta EDGE. Hukumar IFC, wani reshe na Bankin Duniya, ita ce ta fito da ita. Kafin gini ya same ta, sai ya rage cin makamashi da kashi 20 cikin 100, in an gwada shi da irin ginin da aka saba. Ruwa ma haka. Kayan gini ma haka, domin siminti da ƙarfe suna cin wuta mai yawa a masana'anta. Kuma sai masu duba gini sun zo sun gani da idonsu.

Amfaninta a fili yake. Kuɗin wuta da na ruwa za su ragu. Mai saye ko mai haya ba zai dogara da bakin dillali ba.

Mutumin karkara ma yana da abin ɗauka. Bangon ƙasa mai kauri yana tare zafin bazara fiye da bulo da kwano. A fitar da tagogi biyu masu kallon juna. A ajiye randa a ƙarƙashin indararo. A dasa darbejiya a yamma da ɗaki.