Wa Google ke sa wa a gaba? Jawabi a taron cikar shekara na ƙungiya

 

An ce in yi magana kan yaran da ke zagaya shagunanmu a Nima da Maamobi suna cewa a ba su kuɗi su sa sunanmu a saman Google. Ni ma na taɓa biyan wani. Wata uku ina duba waya, ban ga komai ba, daga baya ma lambarsa ta daina shiga.

Ga abin da aka sani. Da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, dabararsu ita ce ƙirga shafuka nawa ke nuni zuwa ga shafinka, kamar yadda muke yarda da baƙo idan manyan kasuwa sun san shi. Daga baya kamfanin ya ce ma'aunansa sun haura 200, amma bai taɓa bayyana nauyin kowanne ba. Nan gardama ta samo asali. Shekara da shekaru masu wannan sana'a na cewa yawan latsa shafi na ɗaga shi, jami'an kamfanin suna kakkaucewa. Sai a shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google a 2023 aka ji daga bakin ma'aikatansa cewa lallai ana duba abin da mutane ke latsawa. To, in manyan masana sun yi shekaru suna lalube, yaya yaron da ke riƙe da waya ɗaya zai yi maka alkawarin lamba ɗaya?

Mu dai abin da ya fi shafarmu taswira ce. A nan Google ya faɗi abu uku ƙarara: dacewar kayanka da abin da ake nema, kusancinka da mai nema, da kuma sanuwarka, wato har da abin da masu saye suka rubuta a kanka. Kusanci ba a sayensa da sidi.

Ku tuna 2021, da aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku. Wanda bai gyara adireshinsa ba, mai saye zai bi taswira ya tarar da fili. Wannan gyara kyauta ne, haka ma rajistar shagon. Ku sa adireshin GhanaPost, lambar da ake samunku, ranakun da kuke buɗewa, da hoton kaya na gaskiya, ba na aro ba.

Sannan ku lura da harshe. Mai otal a Ankara da Turanci zai nemi albasar Galmi, dillali a Lome ko Wagadugu da Faransanci. Ku rubuta sunan kaya da duka biyun, ku ƙara da Hausa.

Wanda ke son a duba masa shagonsa, ya same ni bayan sallar La'asar, ya zo da wayarsa.