Yaɓen Kowace Shekara: Tsaron Kuɗi da Bayanan Ƙungiyoyinmu a Zamanin Intanet

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Da aka aiko mini da takardar gayyata, aka ce in yi magana a kan tsaron na'urori da intanet, na san wasu za su ce mene ne haɗin manomin masara na Ɗandume ko mai auduga na Bakori da wannan zance. To, kowa a nan ya san ginin ƙasa. Kafin damina ta faɗi, maigida yakan zagaya soro da rumbu, ya duba inda ya tsage, ya sa a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a gyara indararo. Ba a taɓa jin wanda ya ce ya yi yaɓe bara, saboda haka bana ya huta ba. Abin da na zo faɗa ke nan game da kuɗi da bayanan ƙungiyoyinmu.

Dukiyarmu ta yi ƙaura ba mu ankara ba. A shekarar 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake Ministan Aikin Gona, manoma suka fara karɓar saƙon takin gwamnati ta waya. A 2014 aka fito da lambar BVN, a ƙarshen 2020 kuma aka wajabta haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Amma abin da ya ƙarasa turo mu shi ne canjin takardun Naira da ƙarancin tsabar kuɗin da ya biyo baya a farkon 2023. A wannan lokaci ne dillalin hatsi da bai taɓa yarda da banki ba ya koyi jiran shigar saƙon kuɗi kafin ya bari a loda buhu, masu POS kuma suka cika bakin kasuwannin Funtuwa da Malumfashi. Yau kuɗin ƙungiyar gama-kai, da kuɗin makarantar al'umma, da gudummawar da muke aikowa gida, duk suna rataye a wuyan wayar mutum ɗaya ko biyu.

Bari in ba ku labarin wata ƙungiyar manoma da aka kira ni in taimaka mata. Ba zan kama suna ba. Ma'ajinsu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Aka yi zaman makoki, aka zaɓi sabo, aka miƙa masa littattafai da hatimi da makullin ofis. Babu wanda ya tuna cewa layin wayar marigayin ne ke haɗe da asusun ƙungiya. Wayar ta shiga hannun yaran gida, daga nan ta ɓace. Sai da lokacin sayen taki ya zo aka tarar an yi ta yagar kuɗin kaɗan-kaɗan tsawon watanni, saƙonnin banki kuwa suna ta zuwa layin da ba ya hannun kowa a cikinsu. Babu wani gwanin kutse daga ƙasar waje a cikin wannan labari. Ƙofa ce aka bari a buɗe, kuma a ranar da aka buɗe asusun ba a yi kuskuren komai ba. Hali ne ya canza, tsarin bai canza ba. Ku lura kuma, layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfanin waya yana iya sake sayar da shi ga wani.

Kada mu ɗauka wannan sakaci namu ne mu kaɗai. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Abin takaicin shi ne, kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran wannan ɓaraka tun watan Maris, wata biyu kafin aukuwar abin. Waɗanda suka ɗora gyaran sun tsira. Waɗanda suka ce sai an samu sarari su ne aka kama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon na'ura kullum cikin tsagewa yake, domin kullum ana gano sababbin kurakurai a cikin manhajoji. Na shiga ofisoshin makarantu da ɗakunan shan magani a yankin nan na ga kwamfutoci masu Windows 7, wadda aka daina yi wa gyaran tsaro tun Janairun 2020. Ita ma Windows 10 an tsayar da gyaranta na yau da kullum a Oktoban 2025. Na'urar tana kunnuwa, tana buga takarda, kowa ya ɗauka lafiya lau take, alhali rumbu ne da gara ta cinye gindinsa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ya wuce maganar kuɗi. Kowace ƙungiya tamu tana da jerin sunayen 'ya'yanta, da lambobin wayarsu, da garuruwan da suke, da abin da kowa ya bayar. Mukan tura wannan jeri a zauren WhatsApp mai ɗaruruwan mutane, don a yaba wa masu hannu da shuni, a zaburar da na baya. Niyyar mai kyau ce. Amma mu da muka fito daga yankin da ya haɗa da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda a Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana, mun san abin da takarda irin wannan take nufi idan ta faɗa hannun mai kai rahoto ga masu garkuwa da mutane. Tana gaya masa wane gida ne yake da ɗa a birni wanda zai iya biyan fansa. Da ɗan gari akan ci gari. Ina roƙon shugabanni, a daina baza adadin abin da kowa ya bayar; a karanta a taro, a ajiye a ofis. A kuma riƙa tace zauren, domin akwai lambobi a ciki da masu su na asali suka daɗe da rabuwa da su.

Doka ma ta shigo cikin maganar. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma ce idan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da hukumar cikin awa 72. Babban Bankin Nijeriya kuwa, a ƙa'idojin da ya fitar wa ƙananan bankuna a 2022, ya nemi su riƙa auna tsaronsu suna kai rahoto duk shekara. Idan banki mai ma'aikata da masu gadi ba a yarda ya duba sau ɗaya ya huta ba, ina ga mu?

Shawarata ga majalisar zartarwa ba ta buƙatar kwangila, kuma ku yi hattara da duk wanda zai zo ya sayar muku da wata na'ura ya ce an gama. A fara da ƙidaya: asusu nawa muke da su, wane layi ne a kan kowanne, wa ya san lambar sirri, wa ke riƙe da adireshin imel da shafin Facebook. Na yi imani a yau babu mutum ɗaya a ɗakin nan da zai iya amsa duka. A sayi layi na ƙungiya, da sunan ƙungiya a wurin banki, kada kuɗi ya fita sai da amincewar mutum biyu. Duk ranar da aka canza shugabanni, ko wani ya rasu, ko aka ɓata da wani, a canza kalmomin sirri a ranar, kamar yadda ake karɓar makulli. Wannan ba zargi ba ne ga kowa. A kunna mataki na biyu na tantancewa a WhatsApp, domin da yawa daga cikin saƙonnin "ina cikin matsala, turo mini" suna fitowa ne daga asusun wanda aka yaudara ya karanta wa baƙo lambobi shida da aka aiko masa. A ajiye kwafin littattafan kuɗi a wani wuri dabam, a kuma gwada buɗe shi lokaci-lokaci, kada ranar buƙata a tarar da fanko.

Muna da yara masu ilmin kwamfuta, wasu daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wasu daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, suna zaune a bayan ɗakin nan ba a tambayar su komai sai jera kujeru. Ina ba da shawarar a zaɓi uku daga cikinsu su yi aiki tare da mai binciken kuɗi, su zauna sau huɗu a shekara, ɗaya daga ciki ya zama kafin kaka, lokacin da kuɗin amfanin gona ke yawo. A taron baɗi a ba su minti goma bayan rahoton ma'aji, su gaya mana ɓaraka nawa suka gano, nawa suka toshe, nawa suka rage da dalilin da ya sa. Na kawo takardar ƙidayar da na ambata, shafi ɗaya ce; zan miƙa ta ga Sakatare kafin a tashi.