Ciwo Biyu da Ba Su Sallama



A ranar murna irin ta yau ya kamata mu tuna da alherin da Allah ya yi wa ƙasarmu ta Nijar. Masu bishara na S.I.M. sun sauka Damagaram a shekara ta 1924. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, a kan hanyar Birnin Konni zuwa Madawa, a 1956 kuma aka soma jiyyar kutare a Danja, kusa da Maraɗi. Tun daga farko, bishara da magani tare suka shigo garuruwanmu, kuma da yawa cikin iyayenmu a bakin ƙofar asibiti suka fara jin sunan Yesu.

Cututtukan da suka firgita kakanninmu, yawancinsu Allah ya karya ƙarfinsu. A 1980 aka yi shelar cewa agana ta ƙare a duniya duka. Kuturta, wadda a dā ta kan raba mutum da danginsa, tun 1981 aka sami haɗin magunguna da ke warkar da ita cikin wata 6 zuwa 12. A 2013 aka shaida babu sauran kurkunu a Nijar. Saboda waɗannan duka muna yi wa Allah godiya.

Amma fa akwai waɗansu ciwo biyu da ke ta ƙaruwa a cikinmu, watau hawan jini, wanda a nan mu kan ce tansiyo, da ciwon sukari. Agana ta kan fito a fuska kowa ya gani. Waɗannan kuwa ba su sallama. Mutum ya kan yi shekaru da su yana noma, yana ciniki, yana waƙa a sujada, bai san kome ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manya wajen biliyan 1.3 ke da hawan jini, kusan rabinsu kuwa ba su sani ba.

Ga yadda hawan jini ke yin ɓarna. Zuciya tana tura jini cikin jijiyoyi kamar yadda inji ke tura ruwa cikin tiyo a lambu. Idan ƙarfin turawar ya yi yawa kullum, jijiyoyin su kan yi tauri, ko su toshe, ko su fashe. In abin ya faru cikin ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki, mutum ya wayi gari hannu da ƙafa ba su motsi, baki ya karkace. Ya kan gajiyar da zuciya, ya lalata ƙoda, ya rage gani. Ga mace mai ciki kuwa ya kan kai ga jijjiga, wadda ke halaka uwa da ɗa. Ba a gane shi sai da awo. Idan an auna ranaku dabam dabam ana samun 140 bisa 90 ko fiye, wanda ma'aikatan asibitinmu su kan kira 14 da 9, to, hawan jini ya tabbata.

Ciwon sukari kuma, jiki ne ke kāsa sarrafa zaƙin da ke cikin abinci, sai ya taru cikin jini. Alamunsa su ne ƙishirwa mai yawa, da yawan fitsari har cikin dare, da rama, da miki wanda ya ƙi warkewa. Waɗansu su kan ga kiyashi na taruwa inda suka yi fitsari. Da ɗigon jini ɗaya daga yatsa a ke aunawa, da safe kafin a ci kome. In an bar shi, ya kan makantar da mutum, ya kashe jin ƙafa, har ƙaya ta soke shi bai ji ba, mikin ya ruɓe, a yanke ƙafar.

Me ya kawo yawansu? Zamanmu ne ya sāke. Iyayenmu da ƙafa su ke zuwa gona da kasuwa, mu kuwa sai babur da kabu-kabu. Shayi uku da sukari cike da hannu, da lemun kwalba, da dunƙulen magi biyu uku cikin tukunya ɗaya ban da gishirin da aka zuba. Magi kuwa gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Abin da likitoci suka yarda babba ya ci na gishiri a yini bai kai giram 5 ba, watau ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin miya da ƙilishi da burodi. Gādo ma yana da nasa rabo, shekaru kuma haka, saboda haka ko siriri kada ya ce ya tsira.

To, ga abin da mu ke roƙonku. Kowane babba ya je a auna jininsa ko sau ɗaya a shekara, mai ciki kuma kada ta fasa zuwa awo. Uwayenmu masu girki, ku rage gishiri da magi kaɗan kaɗan, ku ƙara daddawa da albasa da zogale da yakuwa, baki zai saba. A yi tafiya da ƙafa da ɗan sauri wajen minti 30, kwana 5 a mako. A bar taba da giya. Mai ciwon sukari ya duba tafin ƙafarsa kowace rana, kada ya yi yawo ba takalmi. Kada a sayi ƙwayoyin ciwon jiki a kan tire a kasuwa ana sha kullum, gama waɗansunsu suna ta da jini, suna cin ƙoda.

Akwai magana ɗaya mai nauyi. Waɗannan ciwo ba kamar zazzaɓi su ke ba, da za a sha magani kwana uku a huta. Yawancin masu su za su sha magani har iyakar ransu. Wani ya kan ji sauƙi, ko a yi masa addu'a, sai ya ajiye maganin, yana tsammani ci gaba da shansa rashin bangaskiya ne. 'Yan'uwa, kada kowa ya ruɗe ku. Luka, wanda ya rubuta Bishara ta uku, likita ne, Bulus kuma yana ƙaunarsa. Allahn da ya ba da ruwan sama shi ne ya ba mu fartanya, ba kuwa wanda ya kira manomi marar bangaskiya don ya yi noma. Haka nan shi ne ya ba masana a Kanada basirar gano insulin a 1921, wadda ke riƙe da ran masu ciwon sukari da yawa har yau. In kana jin Ubangiji ya warkar da kai, tafi likita ya auna, shi zai gaya maka ko a rage magani. Mai shan maganin sukari kuma, in zai yi azumi, ya fara shawartar likita, gama sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma.

Ekklesiya ma tana da aiki. Ma'aunin hawan jini ba ya fin ƙarfin ekklesiya in an haɗa hannu. Inda akwai ma'aikacin lafiya cikin masu bi, a roƙe shi ya riƙa auna mutane bayan sujada, a kira maƙwabtanmu Musulmi su ma su zo. Zumuntar mata ta san gwauruwar da maganinta ya ƙare ba ta da kuɗin wani, a taimake ta daga baiko. Matasa su raka tsofaffi ranar komawa asibiti.

Waɗanda suka riga mu sun wanke mikin kutare da hannuwansu saboda ƙaunar Almasihu. Namu rabon shi ne mu tsare 'yan'uwanmu tun ciwo bai kayar da su ba. Ubangiji ya ba mu lafiya da hikima, domin mu bauta masa da ƙarfinmu duka. Amin.